Inbatarka ba ta lalace ba, da gangan take rage wuta

Tambaya: Manhajar wayata tana nuna fanel ɗina na kilowat 3 suna ba da wat 600 kacal da tsakar rana. An cuce ni ne? Daga wani tela a Fagge.

Amsa: Malam, duba batirinka kafin ka je ka shaƙe wuyan mai haɗa sola. In ya cika, kuma fanka da keken ɗinki kaɗai ke ja, na'urar MPPT, mai sarrafa wutar da fanel ke aiko wa inbata da batiri, sai ta rage abin da take karɓa, don babu inda za ta zuba sauran. Mayar da gugar kaya da kunna famfon jan ruwan rijiya zuwa tsakanin ƙarfe 11 da 3, za ka ga lambar ta haura.

Tambaya: Mai gyara ya ce zai cire tsaron inbatata domin rarar wutata ta bi layi zuwa maƙwabta idan an ɗauke wuta. In yarda? Daga wani Alhaji a Hotoro.

Amsa: Alhaji, don Allah kada ka yarda. Wannan maganar tana tayar mini da hankali. An ƙera inbata ta daina tura wuta layi da zarar an ɗauke, saboda ma'aikacin kamfanin wuta na KEDCO da ya hau falwaya ya sakankance layin a kashe yake. Taransifoma kuma ba ta san gaba da baya ba: wutar gidanka ta bolt 230 in ta shige ta ta baya, sai ta fito ɗaya ɓangaren da ƙarfin da ya kai bolt 11,000. Ran mutum ake magana.

Ko da akwai wuta ma, layinmu yana tafiya ne a kan hertz 50, wato ma'aunin saurin bugun wutar, kuma dole abin da ake samarwa ya daidaita da abin da ake sha. Gidaje da yawa su tura rara lokaci guda, ƙarfin wuta ya hau, talabijin ɗin maƙwabcin da kake son taimaka wa ya ƙone. Shi ya sa a Kaliforniya da Kudancin Ostareliya ake rage wutar sola da rana idan ta yi yawa. Tashar sola mai megawat 10 ta Challawa a Kano da aka buɗe a 2023 ma da tsari aka haɗa ta da layi, ba mai gyaran unguwa ya ɗaura ba. Ga shi wasu mitocin kati abin da ka tura waje suke lissafawa kamar ka sha, katinka ya ƙare.

Saita inbatar ta hana fitar da wuta waje gaba ɗaya, sannan ka canza mai gyara.

Tambaya: Tun shigowar hunturu caji ya ragu. Daga wata Hajiya a Gwale.

Amsa: Ƙura ce, Hajiya. A wanke fanel da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya ɗauki zafi.