Tambaya da amsa: Mu biyar ne a shago, ya za mu tsara aiki da Midjourney?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon dizayin da buga takardu a Kano, muna yin fasta, katin biki, bana da kalanda. Mu biyar ne har da ni. Yarana biyu sun fara haɗa hoto da AI a wayoyinsu, wani lokaci abin ya fito da kyau sosai wani lokacin kuma shirme, kuma kowa da irin nasa, kwastoma ya dawo yana son irin na jiya a rasa yadda aka yi shi. An ce min Midjourney ya fi kyau. Shin in buɗe akawun ɗaya in ba kowa lambar sirrin? Kuma wane tsari zan biya? Don Allah a taimaka min da bayani.

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Zan fara da maganar akawun ɗaya ɗin nan tunda ita ce ta fi sauri: kar ka yi. Dokar Midjourney ta ce mutum ɗaya ne zai yi amfani da akawun ɗaya, kuma ko ba dokar ma ni ba zan ba ka shawarar ba, domin ranar da wani ya ƙone muku lokacin aikin da kuka biya na wata guda a dare ɗaya yana gwada hoton kansa a kan doki ba za ka san waye ba, ga kuma ranar da yaro ya bar aiki ya tafi da lambar sirri a kansa. Amma ba dole sai ka biya wa mutum biyar ba. A shago irin naka mutum biyu sun isa su riƙa haɗa hoton, sauran ukun aikinsu kallo, zaɓa, ɗora rubutu da bugawa.

Ga yadda nake shirya wa mutane. Midjourney tun fitowarsa a 2022 a cikin Discord, wata manhajar hira ta rukuni, yake aiki, daga baya suka buɗe shafinsu na intanet wanda ya fi sauƙi ga mutum ɗaya, amma in dai aikin taro ne Discord ɗin ya fi muku. Ka buɗe sabar kanka, wato zaurenku na musamman a Discord, kyauta ce, ka gayyato Midjourney Bot ciki, wato injin da ke karɓar umarni ya haɗa hoton, sannan ka gayyato yaranka huɗu. Wanda aka biya masa shi ne zai iya rubuta /imagine tare da bayanin abin da yake so hoto ya fito, wanda ba a biya masa ba zai ga komai yana fitowa a gabansa har ya ce a'a na biyun nan ya fi, ko kuma hular nan ba tamu ba ce. A cikin sabar ka raba ɗakuna, kuma ka raba su da sunan aiki ba da sunan ma'aikaci ba: ɗakin biki, ɗakin tallan kaya, ɗakin makarantu, sai ɗaki ɗaya na gwaji inda kowa zai yi wasansa, sai kuma ɗaki na ƙarshe da babu mai saka komai a ciki sai abin da aka amince da shi.

Maganar kuɗi. Tsarinsu huɗu ne a wata: Basic dala 10, Standard dala 30, Pro dala 60, Mega dala 120, in ka biya na shekara gaba ɗaya ana rage kashi 20 cikin ɗari. Abin da mutane ba sa ganewa shi ne ba hoto suke sayar maka ba, lokacin injinsu suke sayar maka. Basic awa uku da 'yan mintuna ne kawai, wajen aiki 200, kuma wallahi a shago sati ɗaya ba zai kai ba domin kafin a samu hoto ɗaya mai kyau sai an gwada sau goma. Standard yana da awa 15 na sauri, sannan yana da Relax, wato na a hankali, wanda ba ya ƙarewa sai dai ka ɗan jira layi. Standard ɗin zan ce ka ɗauka, ka kafa doka cewa duk gwaji a Relax za a yi shi, na sauri sai kwastoma yana zaune a kan benci yana jira. Ka fara da wata ɗaya tukuna kar ka zuba na shekara, kuma ka tanadi katin dala domin katin naira wani lokacin ya wuce wani lokacin ya ƙi.

Yanzu ga wurin da nake so ka nutsu sosai, domin shi ne mutanenmu suka fi faɗawa. Duk hoton da ka haɗa a Basic ko Standard a buɗe yake, yana iya fitowa a shafin Midjourney kowa a duniya ya gani tare da umarnin da ka rubuta, ko da kuwa a sabarka ta sirri ka yi shi. Ɓoyewa sai da wani zaɓi da ake kira Stealth, shi kuma sai a Pro ko Mega. Na taɓa shiga wani shago na tarar wani yaro ya ɗora hoton amarya da aka kawo musu don katin kamu, ya sa AI ya canza mata kaya da bango, yana ta murna yana nuna min a waya, hoton 'yar mutane da lallenta da komai, bai san inda yake aikawa ba, iyayenta kuma ba su san an yi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar. Don haka ka rubuta ka manna a bango: ba a ɗora fuskar kwastoma ko ta iyalinsa. AI ya haɗa bango, fure, haske, ado, sannan a kawo hoton mutum na gaskiya a ɗora a CorelDRAW ko Photoshop a kwamfutarku. Haka ma fuskar ɗan siyasa ko malami, lokacin kamfe za a zo muku da kuɗi a ce a haɗa wane yana yin abin da bai yi ba, kar ka karɓa, sunan shagonka ne zai tafi kuma ka ɗauki alhaki.

Sai matsalar da ka ce kowa da irin nasa, kwastoma ya dawo a rasa na jiya. Wannan ba laifin manhaja ba ne, rashin ajiya ne. Ku buɗe Google Sheets guda ɗaya, wato jadawalin rubutu a intanet, duk hoton da aka amince da shi a rubuta sunan aikin, kwanan wata, cikakken umarnin da aka rubuta harafi da harafi, da wanda ya yi. Minti biyu ne amma shi ne jarin shagon, domin bayan wata uku za ka ga kuna da umarni talatin ko arba'in da kun san suna aiki, sabon yaro ma ya zo ya ɗauka ya ci gaba. Sannan ku koyi abubuwa huɗu da ake liƙawa a ƙarshen umarni. --ar shi ne fasalin hoto, 2:3 na fasta a tsaye, 16:9 na kwance, ku saka tun farko kar a zo ana yanke kan mutum daga baya. --sref shi ne babba a wajenku, kana ba shi hoton da ya yi muku kyau ya ɗauko launinsa da yanayinsa ya sa wa sabo, to da shi ne aikin yaranka biyu zai fito kamar hannu ɗaya ne ya yi. --no na cire abin da ba ka so. --seed kuma lamba ce da ke taimakawa a samu kusan irin na baya in umarnin bai canza ba, na ce kusan, kar ka yi wa kwastoma alkawarin zai fito sak.

Ka kuma shirya wa abin da zai ba ka haushi game da kayanmu. Injin nan ya ga hotunan Turawa da Indiyawa da Larabawa fiye da namu nesa ba kusa ba, kuma Turanci ya fi ji, don haka in ka ce masa kawai mutumin Afirka a kasuwa sai ya sa masa duwatsun wuya irin na Masai, in ka ce Musulmi ya ba ka Balarabe da jallabiya, mace kuma ya ɗaura mata gwaggwaro irin na bikin Legas. Sai ka yi masa dalla-dalla, ka ambaci Hausa da arewacin Najeriya, ka kwatanta babbar riga da aikin da ke ƙirjinta, ka kwatanta hular da tsayinta, mayafi ko hijabi, katangar ƙasa mai zanko. Abin da ya fi duka aiki shi ne ku ɗauki hoton kayan da kanku, hula zanna a kan tebur, shadda a rataye, atamfa a ninke, ku ba shi ya gani. Duk da haka dole mutum ɗaya, kai ko babban yaronka, ya zama shi ne mai dubawa ta ƙarshe, ya zuƙo hoton ya ƙirga yatsu, ya duba aikin rigar ko ya narke ya zama wani abu daban, ya duba ko an sa wa mace kayan da kwastomanku ba zai yarda da su ba. In babu sa hannunsa ba a bugawa.

Rubutu kuwa kar ma ku wahalar da kanku. Ƙ da ɗ da ɓ ɗinmu lalata su yake yi, rubutun Larabci kuma ya zana wani abu mai kama da shi wanda ba ya karantuwa, abin da ke da haɗari sosai in kalandar Islamiyya ce a ga kamar aya alhali ba komai ba ne. Ku sa --no text, ku rubuta naku da hannunku. In kuma cikin yaranka akwai wanda zuciyarsa ba ta kwanta da haɗa hoton mai rai ba, kar ka matsa masa, aikin bango da gine-gine da kayan talla ma ya ishe shi.

Abu na ƙarshe shi ne bugawa, tunda kai ba a waya aikinka yake ƙarewa ba. Hoton yana fitowa ne a wajen ɗigo 1024 a tsaye da 1024 a kwance, in ka ƙara masa girma a ciki ya kai 2048, wanda a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, wajen santimita 17 ne kawai, ya isa katin biki amma fasta babba ko bana sai kun ƙara bi da shi ta manhajar ƙara girma irin Upscayl, kyauta ce. Kuma a RGB, launin allon waya da kwamfuta, yake zuwa, kun san halin shuɗi da kore mai ƙyalli in aka juya su CMYK, launin tawadar bugawa, sai su mutu. Ku buga ƙaramin gwaji a takarda ku nuna wa kwastoma shi ya gani da idonsa ya amince kafin a saki guda ɗari biyar.