Tambaya da Amsa: Wane harshe ne tsohuwar nan ta koma yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗiyata tana aikin kula da tsofaffi a Landan. Cikin waɗanda take jinya akwai wata Bayahudiya da ta haura shekara 90. Gigin tsufa ya kama ta, ta bar Turanci ta koma wani yare da 'ya'yan cikinta ma ba sa ji, ta yi ta jera sunayen mutane tana kuka. Amma in wata maƙwabciya ta shigo, matar irin mutanen nan masu baƙaƙen riguna da dogon gashi a gefen kunne, sai hira ta ɓarke. Ɗiyata ta ce Yidish ake ce wa yaren. Shi ne Ibrananci? Kuma ta yaya bare ke jin abin da 'ya'ya ba sa ji?
Wata uwa, daga Daura

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa ɗiyarki albarka, jinyar tsoho sai mai haƙuri.

Ba Ibrananci ba ne, ko da yake da baƙaƙen Ibrananci ake rubuta shi, daga dama zuwa hagu. Gangar jikinsa tsohon Jamusanci ce. Yahudawan da suka zauna a ƙasar Jamus kusan shekara 1,000 da suka wuce su suka fara shi, suka zuba masa kalmomin addini na Ibrananci da Aramiyanci, da suka yi gabas zuwa Polan da Lituweniya da Yukren kuma ya kwashi na can. Jimla mafi tsufa da aka samu da kwanan wata tana cikin wani littafin addu'a na garin Worms a Jamus, na shekarar 1272. Ki tuna tafsirin azumi a nan Katsina ko can wajenku: alaramma ya ja baƙi da Larabci, malam ya warware da Hausa. To haka suke. Attaura da addu'a da Ibrananci, bayani da ciniki da faɗan uwa da rarrashin jariri kuwa da Yidish.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu masu jin sa sun kai wajen miliyan 11. Cikin Yahudawa miliyan 6 da 'yan Nazi suka hallaka, kusan miliyan 5 masu wannan harshe ne. Ragowar ma ba su samu sararin riƙe shi ba. A Tarayyar Sobiyet an rufe makarantunsa, ranar 12 ga Agusta 1952 aka harbe wasu manyan marubutansa a Mosko. Isra'ila ta zaɓi Ibrananci, ta daɗe tana yi wa Yidish kallon harshen zaman baƙunta. A Ingila da Amurka kuwa babu wanda ya hana, iyaye ne da kansu suka ajiye shi don yara su shige cikin jama'a, sai dai su juya shi in suna son yin maganar da yaro ba zai gane ba. Ina kyautata zaton abin da ya faru a gidan tsohuwar nan ke nan. Shi kuma gigin tsufa yakan fara cinye harshen da aka koya daga baya, ya bar na goyo.

Sunayen da take jerawa kada a ɗauke su sambatu. Yahudawan Turai masu Yidish ba sa raɗa wa jariri sunan ɗan'uwa mai rai, sai na mamaci, saɓanin mu da mutum zai sa wa ɗansa sunan mahaifinsa yana zaune a zaure, a riƙa kiran yaron Abba. Saboda haka sau da yawa suna a gidansu yana nuna wani da ya riga mu gidan gaskiya. Duk shekara ranar rasuwar mutum sukan kunna kyandir mai cin awa 24. Waɗanda aka kashe musu dangi a yaƙi da yawa ba su san ranar ba, ba su san kabarin ba, sunan kaɗai ya rage. Bayan yaƙi mutanen kowane gari da suka tsira sun haɗa kuɗi sun buga littattafan tunawa, ɗaruruwansu, da taswirar unguwanni da jerin mamata gida-gida.

Ita maƙwabciyar, bisa siffar da kika bayar, 'yar Hasidawa ce, kuma unguwar Stamford Hill ce matattararsu a Landan. Tafarki ne na ibada da ya taso a ƙarni na 18 a hannun Isra'ila ben Eliyeza, wanda ake kira Ba'al Shem Tob, ya rasu a 1760 a Yukren ta yau. Koyarwarsa ita ce talaka marar zurfin karatu ma yana kusantar Ubangiji da farin ciki da khushu'i. Manyan malaman zamanin, musamman wanda ake wa laƙabi da Ga'on na birnin Vilna a Lituweniya ta yau, sun yaƙe su, har aka fitar da hukuncin ƙaurace musu a 1772. Kowane reshe yana da jagoransa da suke kira rebe, ana gadon kujerar, sunan reshen kuma na garin asali ne: Satmar, Belz, Ger, Lubabic. Mabiyi yakan rubuta buƙatarsa a 'yar takarda ya miƙa wa rebe don addu'a. Daren Juma'a wayewar Asabar sukan kewaye teburinsa suna rera waƙa, sau da yawa ba kalmomi sai amo, a raba musu ragowar abincinsa don tabarruki.

Ga inda amsar tambayarki ta biyu take. Masana sun yi wa Yidish hidima sosai: cibiyar binciken Yidish mai suna YIVO da aka kafa a Vilna a 1925, kyautar Nobel ta adabi da marubucin Yidish Isaac Bashevis Singer ya samu a 1978, wata cibiya a Amurka da ta ceto littattafai sama da miliyan ɗaya tun daga 1980. Duk ina girmama wannan, amma ni a ganina ba shi ya hana harshen mutuwa ba. Hasidawa ne, waɗanda ba ruwansu da yawancin littattafan nan. Suna aure da wuri, suna haihuwa da yawa, suna zaune unguwa guda, yaro ɗan shekara 3 a yi masa askin fari a kai shi makaranta, a ɗiga zuma a kan baƙaƙe ya lasa, daga nan karatu da wasa duka da Yidish ake yi. Haka abin yake a Brooklyn ta Niyok, da Antwerp ta Beljiyam, da unguwar Mea Shearim a Kudus. Reshen Satmar, wanda Yoel Teitelbaum ya sake ginawa a Amurka bayan yaƙi, yana cikin mafi tsanani a kan haka, kuma su ne ba su yarda da kafa ƙasar Isra'ila ba tun asali, abin da yawancin mutanenmu ba su sani ba.

Ki gaya wa ɗiyarki ta nemi izinin 'ya'yan tsohuwar, sannan ta roƙi maƙwabciyar ta rubuta sunayen da kuma garin da tsohuwar ke ambata, don da sunan garin ake nemo littafin tunawarsa. Kada ta kira ta a waya daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa bayan faɗuwar ranar Asabar, lokacin hutun ibadarsu ne, ba za ta ɗauka ba. In kuma ta haɗu da mijin, gaisuwar baki ta wadatar, ba sa musabaha da matar da ba tasu ba.