Abin Da Za Ka Ɗaura A Jiki Kafin Ka Shiga Hamada

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni yaron mota ne, muna lodi daga Agadas zuwa Dirku. Na ga ana tallar wani abin hannu na saƙaƙƙiyar igiya, mai usur da abin ƙyasta wuta, wai don ranar tsautsayi. Yana da amfani, ko asarar kuɗi ce? Daga wani mai karatu a Agadas.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Tambayarka ta tuna mini watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar da ke arewacin garin Arlit a Nijar, yawancinsu mata da yara. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Har yau abin yana ci mini rai.

Abin hannun yana da amfani, amma kaɗan. Igiyar lemar da sojoji ke dirowa da ita daga jirgin sama ce aka saƙa. Ta ainihi tana ɗaukar nauyin kusan kilo 250, kuma a cikinta akwai silili bakwai da za ka zare ka yi ɗinki ko ɗauri. In ka saya, ka warware shi a gida ka gani, ka busa usur ɗin, ka gwada ƙyastun. Jabu sun yi yawa.

Hikimar dai tsohuwa ce. Kakanninmu fatake wuƙa a damtse suke ɗaurawa, ƙyastu a zabira, rawani a ka, saboda sun san kaya suna iya rabuwa da mai su. Ka sauka kama ruwa, guguwa ta taso, ka nemi mota ka rasa: jakarka tana can, kai kana nan.

Don haka ka rataya usur a wuya, ƙarƙashin riga. Busa uku a jere alamar neman agaji ce, kuma maƙogwaron da ya bushe ba ya iya ihu, amma yana iya busa. Ka haɗa da ƙaramin madubi. Ni na fi yarda da shi a kan komai, domin ƙyallinsa a rana yana kaiwa kilomitoci masu yawa, ba ya kuma neman caji. A aljihu mai zif ka sa laita, ƙaramar tocila, ƙullin gishiri da sukari, da siririn bargon nan mai ƙyalli da ake naɗewa kamar hankici. Ka san sanyin hamadar Tenere cikin dare a watan Janairu, ba sai na faɗa maka ba.

Sai ruwa. Gora mai cin lita ɗaya a kafaɗa, ko taku goma za ka yi daga mota. Idan kuma motar ce ta mutu, kada ka bar ta ka kama tafiya da rana. Ka zauna a inuwarta, ka rufe kai da baki da rawani. Masu nema sun fi saurin hango mota a kan mutum. Kafin ku tashi, ka faɗa wa wani a tasha ranar da ya kamata ku isa Dirku. Allah Ya tsare hanya.