Bidiyon "Arirang" na 1926 da ke yawo, na gaske ne?

Tambaya: Malam, ina aikin kammala digiri a kan finafinan Koriya na zamanin mulkin mallakar Japan. An turo min wani bidiyo aka ce shi ne Arirang na 1926 na asali, har na fara kafa hujja da shi. Yanzu hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Ɗalibi, ajiye alƙalamin tukuna. Ba shi ba ne. Arirang ɗin da Na Un-gyu ya shirya, wanda aka fara haskawa a sinimar Dansungsa ta birnin Seoul ranar 1 ga Oktoba 1926, ya ɓace. Wani mai tara tsofaffin finafinai a Japan ya shekara da shekaru yana cewa kwafin na wurinsa, ya rasu a 2005, ba a ga komai ba.

Wannan batu ya ishe ni. Kusan kullum sai wani ya kawo min guntun fim baƙi da fari, an liƙa masa shekarar 1926, wai an gano. A ina? Wa ya tantance? An sake shirya Arirang a 1957 da 1968 da 2003, kuma masu neman mabiya a intanet ba sa jin kunyar sauya wa kowanne suna. Ɗalibi ya kwafa, mai duba aikinsa ya sa hannu bai bincika ba, ƙarya ta samu gindin zama a ɗakin karatu.

Ko da fim ɗin ya bayyana gobe, rabinsa za ka samu. Fim ne marar sauti. Akwai mai bayani, byeonsa, da ke tsaye gefen allo yana sa wa 'yan wasa magana, kamar masu fassarar finafinan Indiya a nan Kano, sai dai shi a gaban jama'a yake yi. Hukumar tace finafinai ta 'yan mulkin mallakar Japan tana yanke hoto, amma bakin mutum ba ya shiga almakashi. Labarin Yeong-jin, ɗalibin da ya zautu, ya kashe yaron mai gona da lauje don kare ƙanwarsa, 'yan sanda suka tafi da shi ana rera waƙar Arirang da fim ɗin ya ci sunanta, ya iso mana ne ta rubuce-rubuce da bakin waɗanda suka kalla.

Da waɗannan za ka kafa hujja. In fim kake so ka gani da idonka, nemi Jayu Manse na 1946, amma ka rubuta cewa Choi In-kyu da ya shirya shi ya yi wa Japan finafinan farfaganda kafin 'yancin 1945.