Mai farmasi ya kunyata ni a gaban maƙwabciyata

Gwaggo, raina a ɓace yake. Sati biyu ke nan da likita ya rubuta wa maigidana maganin ciwon damuwa, amitriptyline. Na koma farmasin unguwarmu a nan Maradi na ce a ba ni kwali uku, tunda na ɗauki adashe. Mutumin nan ya ƙi, wai sai iya abin da ke cikin takarda. Da kuɗina fa, Gwaggo, ba bashi na roƙa ba! Sai tambayoyi, wa ke ajiye maganin, yana shan wani abu daban? Duk a gaban maƙwabciyata. Maganin ma ban ga amfaninsa ba, sai bushewar baki da barci har hantsi, kabu-kabun ma ya jingine. Maigidan ne ma ya ce in sayo da yawa ya ajiye a wurinsa, wai ya gaji da komai. Ni dai kunyar nan ke cin raina. Ko in koma wajen masu tallar magani a tire?

Amsa:

Ƴata, ba na goyon bayan kowa. Ya kamata mai farmasin ya ja ki gefe kafin ya yi tambaya. Amma sake karanta wasiƙarki. Mai ciwon damuwa ya ce ya gaji da komai, kuma yana son kwali uku a hannunsa. Amitriptyline in aka sha da yawa lokaci guda yana rikita bugun zuciya, yana kisa. Abin da mai farmasin ya hango ke nan.

Yau ɗin nan ki karɓe maganin ki kulle, har da maganin ƙwari da na ɓera. Ke za ki riƙa miƙa wa maigidanki na kowane dare. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Ko me ya amsa, ku koma wurin likita gobe, ki maimaita masa maganar yadda ta fito.

Maganin yakan ɗauki sati 2 zuwa 4, wani lokaci har 6, kafin a ga sauƙi, amma bushewar baki da barci su ke riga zuwa. Ya sha da wuri, bayan magariba, ya riƙa kurɓar ruwa, ya miƙe a hankali saboda jiri, kada ya hau babur yana magagi. In ya warware zai ci gaba aƙalla wata 6, kuma likita ne ke rage shi sannu a hankali.

Ku kuma masu karatu da ke ɓoye wa mai farmasi shan tramol, haɗa shi da wannan magani na iya jawo farfaɗiya. Mai tire ba zai tambaye ku ba, maganinsa ma ya wuni cikin rana. Ke kuma ƴata, ki koma farmasin nan da safe kafin a cika, ki ce kina son magana da mai farmasin ku biyu.