Amsar Baffanka daga Kumasi kan batun hawan dutse

Ɗana, saƙonka ya iso tun ranar Talata. Na karanta na ajiye, na sake ɗauka na karanta. Ka gaida mutanen gida, Allah ya sa damina ta yi albarka.

Abin da ya hana ni amsawa da wuri shi ne tambaya biyu ka ɗaure a ƙulli ɗaya. Ka ce labari ya zo muku cewa mu na Kumasi muna hawa dutse mu kwana muna kuka don Allah ya raba mu da sha'awa, har namiji da furfurarsa yakan buɗe baki ya faɗa wa wani abin da ya aikata a ɓoye. Sannan ka ce, "Baffa, anya da sauran kunya a wurinku?" Na fi shekara hamsin ina jin wannan tambaya, riga kawai take sauyawa. Ma'anarta ita ce, anya mu Hausawa ne har yanzu, ko mun narke mun zama Tonawa, wato mutanen Asante na nan Gana?

Dama mu nan kullum a tsakiya muke. Idan na shiga Aboabo ko Asawase, unguwannin baƙi 'yan arewa da ake kira zango, na yi sallama da Hausa, ana ba ni wuri ana ba ni ruwa, sai an ji ranar Lahadi majami'a nake zuwa a tsaya ana kallona, don a zango Bahaushe da Musulmi kalma ɗaya ce. Idan na shiga majami'a kuma, Tonawa suna jin sunan gidanmu su ɗauka Kramo ne ya yi ɓatan hanya, wato Musulmi a bakinsu. Ku kuma na gida, da na buɗe baki sai ku yi murmushi wai Gananci nake yi, ina ce wa mace "ya zo". Gaskiya ne, 'ya'yana ma sun fi ni yin haka. Amma da wannan Hausar ake sayar da koko da ƙosai kowace safiya daga kasuwar Kejetiya har Nima ta Ankara, babban birnin Gana, kuma da ita nake durƙusawa gaban Allah.

Kakanmu, ƙanen kakan mahaifinka, ya baro ƙasar Zazzau tun kafin Gana ta samu 'yancin kai a 1957. Ya zo da keken ɗinki da Littafi Mai Tsarki na Hausa, tsohuwar fassarar nan ta 1932 wadda su Dokta Mila na Wusasa suka yi wahalarta. Yana nan a akwatina, bangonsa ya tafi, gefen Zabura ya yi baƙi da yatsa. Ya auri 'yar Tonawa, abin da na san har yau ana gunaguninsa a can, wai ya zubar da iri a gonar wasu. To, a watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Firayim Minista Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Zango ya watse, mutane suna sayar da gida kuɗin mota. Dangin matar nan da kuke gunaguni su suka ɗauke Kaka suka kai shi ƙauyensu cikin gonakin koko, ya zauna har ƙura ta lafa. A al'adarsu ɗa na dangin uwa ne, don haka mahaifina nasu ne, mijin 'yarsu kuma amana ne. Ni ma da na tashi aure, 'yarsu na aura. Ban taɓa yin da-na-sani ba, kuma za ka ji dalili.

Yanzu batun addu'a. Ka lura da addu'ar da Ubangiji ya koya mana, inda muke cewa kada ka kai mu wurin jaraba? Matata tana yinta da Tuwi, harshen Tonawa, kalmarsu a wurin tana nufin gwaji, irin wanda ake auna mutum da shi. Tamu ta fi ta cizo. A Hausa jaraba ita ce abin da Shaiɗan ke ɗana maka, kuma ita ce abin da ya riga ya kama ka ya ƙi saki. Muna cewa wane yana da jarabar taba, jarabar caca, jarabar mata, har mu ce jarababbe. Bahaushe tun fil azal ya san cewa tarkon da ka faɗa sau ɗaya yakan koma igiyar da ke jan ka kullum. Duk wanda ya yi wannan addu'a da Hausa abu biyu yake roƙo, ko ya sani ko bai sani ba: a kare shi daga faɗawa, a kuma kwance shi idan ya riga ya ɗauru. Shi ya sa ko a cikin taron Tonawa dubu, idan aka zo wannan layi da Hausa nake faɗinsa.

Zan gaya maka abin da ban taɓa rubuta wa kowa a can ba. Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa babbar mota daga Kumasi zuwa arewa, ta Teciman da Kintampo da Tamale, wani lokaci har Bawku. Wanda ya san hanya ya san yadda dare yake a wuraren da direbobi ke yada zango. Ina da aure, ina da 'ya'ya biyu a lokacin, ina cikin ƙungiyar mawaƙa, kuma na faɗi. Ba sau ɗaya ba. Kowace dawowa sai in shiga ɗaki in buɗe Zabura 51, addu'ar Dawuda bayan abin da ya yi da Batsheba, in roƙi Allah ya halitta mini zuciya mai tsabta, in yi hawaye na gaske, in yi alkawari. Mako biyu sai ga ni a wuri ɗaya, gaban ƙofa ɗaya. Abin da Bulus ya faɗa a Romawa 7, cewa nagartar da yake so ba ita yake yi ba, sai muguntar da ba ya so, ni a jikina na karanta shi.

Kunya ina da ita a lokacin, har ta yi yawa. Ita ce ma ta riƙe ni shekara huɗu a ciki. Ina addu'a, amma addu'ar wanda ya rufe ƙofa ya rufe taga don kada kowa ya ji wari.

Majami'armu ta Metodis ce, wadda ta shigo ƙasar nan ta Kef Kos a 1835. Suna da wani tsari da suka gada tun daga Jon Wesli: ana raba jama'a ƙananan rukuni, kowane rukuni da shugabansa, ana haɗuwa kowane mako a tambayi juna lafiyar rai. Shugaban namu wani tsohon kafinta ne, kawun matata. Wata rana bayan an tashi ya riƙe hannuna ya ce in raka shi. Bai tuhume ni ba. Cewa ya yi ya ga na daina zuwa jibin Ubangiji, kuma ya san hanyar arewa, don shi ma ya taɓa bin ta. Ka san Bahaushe da surukinsa, ko ido ba ma haɗawa. Amma a daren nan na faɗa masa komai, kaina a ƙasa. Ya buɗe Yakubu 5:16, inda aka ce mu furta wa juna zunubanmu mu yi wa juna addu'a domin mu warke. Ya ce in lura, gafara tana wurin Allah kuma na riga na roƙa, amma a nan warkewa aka ambata, kuma an haɗa ta da bakin da ya buɗe wa ɗan'uwa. Ya tuna mini cewa Zabura 51 ɗin da nake karantawa ba ta fito ba sai da annabi Natan ya shiga wurin Dawuda ya faɗa masa ido da ido.

Shi ya kai ni dutsen da kuke jin labari. Sunansa Abasuwa, wasu su ce Atwiya, ta wajen Nsuta, a nan ƙasar Asante. Wani fasto na Metodis, Abraham Osei-Asibey, shi ya fara hawa don addu'a a 1965, yanzu kuwa jama'a daga kowace ɗarika suna zuwa. Hawan da wuya, sai ka huta sau da yawa kafin ka kai, sama kuma da sanyi da hazo. Gaskiya ne ana ɗaga murya, Tonawa ba su iya addu'ar raɗa ba, kuma har yau kunnena bai gama sabawa ba. Ni gefe na samu ƙarƙashin wata bishiya, kwana uku ina azumi daga safe zuwa yamma. Ban ga wahayi ba, ban ji murya ba. Abin da na samu shi ne wuri da lokacin da zan faɗa wa Allah abin da sunansa, ba "kurakuraina" ba kamar yadda na saba lulluɓewa.

Da muka sauko tsohon ya ce, to, addu'a ta yi nata, saura ƙafa. Ya ce Yusufu a gidan Fotifar bai tsaya yin addu'a a ɗakin matar ba, rigarsa ya bari ya gudu. Ya sa na sauya wurin kwana a hanya, na ɗauki yaron mota daga majami'armu wanda ke kwana tare da ni a cikin mota, kuma duk dawowa sai na biya ta shagonsa kafin in isa gida. Tambaya ɗaya yake yi, in amsa, mu durƙusa cikin garin katako. Na sake faɗuwa sau ɗaya bayan haka, na je na faɗa masa a ranar da na iso, kuma wannan ita ce ta ƙarshe. Daga baya na bar hanyar gaba ɗaya na koma sayar da kayan gyaran mota a Suwame, kuɗin bai kai ba, amma ina kwana a gida. Matata kuwa da bakina na gaya mata. Abin da ta sha a watannin nan ba nawa ba ne da zan ba da labarinsa. Ta zauna, shi ke nan abin da zan ce.

A nan ne nake da ɗan ƙorafi a kanku. Na zo gida sau uku, na zauna a sujada, na ga yadda ake yi. Ba a maganar nan sam, sai ciki ya fito. Sannan dattawa su zauna, a sanar, a sa yarinya ƙarƙashin horo ta koma bencin baya kowa na kallonta, saurayin kuma sau da yawa ya sulale zuwa Kaduna ko Abuja. Horo yana cikin Littafi, ban ƙi ba. Amma ina aka je a duk watannin da yaran nan ke kokawa su kaɗai? Wa za su iya faɗa wa ba tare da maganar ta riga su isa kasuwa ba? Idan wannan ce kunyar da kuke cewa mun rasa, to wani ɓangarenta da gangan muka ajiye.

Sauran kuwa tana nan. Ba ma yarda mutum ya miƙe a gaban taro ya kwance kansa, maza da mata da yara suna ji, kamar yadda wasu sababbin majami'u ke yi a nan har ana ɗauka da waya. Namiji wurin dattijo namiji yake zuwa, mace wurin uwa a zumuntar mata, mutum ɗaya, kuma maganar a nan take mutuwa. Haka kuma ban yarda da masu cewa kowace sha'awa aljani ne da sai an biya kuɗin mai da ruwa a fitar ba. Akwai sansanonin addu'a a ƙasar nan da aka samu suna ɗaure marasa lafiya da sarƙa, har hukuma ta hana, kuma ku ma kun san gidajen mari. Allah bai ce a yi haka ba. Sha'awa shi ya halicce ta ya ba ta gida, wato aure. Yesu kuma a Gatsemani tsaro da addu'a ya haɗa wa almajiransa, bai ba su ɗaya ya bar ɗaya ba.

Yaran yanzu nasu ya fi nawa wuya. Ni sai na yi tafiyar yini kafin in isa inda jaraba take, su kuwa tana cikin aljihu. Hotunan batsa, cacar ƙwallo, ga taramol da ya cinye samari a zango, Musulmi da Kirista bai bar kowa ba. Yanzu ni ne ke riƙe da rukunin da tsohon ya bari, Allah ya ba shi hutawa. Abin da nake gaya musu bai wuce abin da aka gaya mini ba. Waya ta kwana a falo. Ka san sa'ar da abin ke zo maka, yawanci dare ne ko lokacin gajiya da ɓacin rai, ka sa addu'arka kafin sa'ar, ba bayanta ba. Ka riƙe 1 Korantiyawa 10:13, inda aka yi alkawarin cewa tare da gwajin akwai mafita, ka nemi mafitar da idonka. Wanda ƙwaya ta riga ta shiga jininsa kuwa, muna addu'a muna raka shi asibiti, don jikin da ya saba ba ya saki da azumi kaɗai. Akwai wani maƙwabcina limami da muke musayar yaran da suka fi ƙarfinmu shawara, shi yana cewa azumi garkuwa ne ga saurayi, ni ina cewa haka ne, kowa ya koma ya ja nasa.

A ƙarshen saƙonka ka ce wani abokinka ne ke fama, shi ya sa ka tambaya. Ka gaya masa Baffanka ya sa shi cikin addu'ar asuba tun ranar Laraba, da Hausa, daga littafin Kaka. Ka ce masa ba sai ya zo Abasuwa ba, duwatsu suna nan birjik a ƙasar Zazzau, amma ya dubi dattawan majami'arku da kyau ya zaɓi ɗaya wanda bai taɓa jin sirrin wani daga bakinsa ba. Idan ya duba bai samu ba, wayata a kunne take bayan ƙarfe tara na dare agogonmu, wato goma a wurinku. Innarka ta ce in gaya maka ta ɗaure maka goro da man kaɗanya, tana jiran mai zuwa Kano.