Takardar gwajin jini ta tayar min da hankali: me zan saya, wa zan gani?

Tambaya: Na je ba ƙanwata jini, aka gwada ni aka ce ba za a ɗiba ba, wai ina da ciwon hanta. A takardar an rubuta HBsAg da alamar +. Ni kuwa garau nake. Wani mai magani ya ce zai wanke min shi cikin wata uku, amma kuɗin da ya yanka ba kaɗan ba ne. In saya? Daga wani magidanci a Funtuwa.

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka. Takardar nan abu ɗaya ta faɗa: ƙwayar cutar hanta nau'in B tana cikin jininka. Ba ta faɗi yawanta ba, ba ta kuma faɗi ko ta taɓa hantar ba. Yawancin manyan da suka kamu da ita kwanan nan jikinsu kan kore ta da kansa, shi ya sa ake sake gwajin bayan wata 6. A nan masu tallan magani ke cin kasuwa: jiki ya yi aikinsa, su karɓi godiya. Idan kuwa ta zarce wata 6, ta zauna ke nan, kuma har yau babu jiƙo ko ƙwayar da aka tabbatar tana tumɓuke ta. Wasu jiƙe-jiƙen ma hantar suke ƙara wa nauyi.

Naka lamari ne na ƙwararren likitan ciki da hanta. Fara da babban asibiti mafi kusa, su rubuta maka takardar turawa asibitin koyarwa, kamar na Shika a Zariya ko na Malam Aminu Kano. Kuɗin da ka yi niyyar ba mai magani, zuba su a gwajin yawan ƙwayar cutar, da gwajin ALT mai nuna ko hantar tana jin jiki, da hoton ciki. Ba kowa ake ɗora wa magani ba. Wasu sa ido kawai ake yi musu. Wanda ya cancanta akan ba shi tenofovir, ƙwaya ɗaya kullum, tsawon shekaru, kuma ba a yanke ta da ka. Ka kai maiɗakinka da yara a gwada su, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi. In tana da juna biyu, jaririn ya samu allurar cikin awa 24 da haihuwa. Ido ya yi rawaya, ko ciki ya kumbura, ko ka yi aman jini, to ranar nan sai asibiti.

Tambaya: Sugana ya nuna 118, an ja masa layi da jan biro. Na kamu ke nan? In sayi injin gwaji na gida? Daga wata malamar makaranta a Gusau.

Amsa: Malama, kin ci abinci kafin a ɗibi jinin? In kin karya da koko da ƙosai, 118 ba abin damuwa ba ne. In kuwa kin kwana awa 8 ba ki ci komai ba, to kina tsakani: ƙasa da 100 lafiya, 100 zuwa 125 gargaɗi, 126 ko fiye a gwaji biyu daban-daban shi ne ciwon suga. Wasu ɗakunan gwajin suna rubuta 7.0 maimakon 126, domin ma'auninsu daban ne, ana raba lambar da 18. A Nijar kuma za ki ga 1,26. Na sha ganin wanda ya firgita don kawai ya haɗa takardun wurare biyu.

Ba sai kin ga ƙwararre yanzu ba, likitan asibitinku ya isa. Rage lemon kwalba da shayi mai zaƙi, ki riƙa taka ƙasa, ki sake gwaji. Inji kuwa, ni ba zan ce ki saya ba tukuna. Ranar da ya zama dole, ki fara tambayar farashin tsinken da ake ɗiga wa jinin da ko ana samunsa a garinku, don shi ke cin kuɗin, ba injin ba.

Tambaya: PCV ɗin mahaifinmu 27 ne, shekarunsa 62. Wane maganin ƙarin jini ya fi kyau a kemis? Daga wani matashi a Azare.

Amsa: Ɗan'uwa, kafin a cika randa sai a duba inda take yoyo. PCV ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jini ne. Namiji mai lafiya yakan kai 40 ko fiye, don haka 27 ya yi ƙasa sosai. Dattijon da jininsa ya ragu haka, dole a nemo dalili: gyambon ciki, basir mai zubar da jini, tsutsa, ciwon ƙoda, wani lokacin ma ciwon daji na hanji. Ku tambaye shi ko bayan gidansa ya koma baƙi, da ko yana yawan shan diclofenac ko ibuprofen don ciwon gaɓoɓi. Ku kai Baba asibiti cikin makon nan a yi cikakken gwajin jini da na ƙoda da na bayan gida. In ana zargin hanji, za a tura shi wurin masu leƙa ciki da kyamara. In yana haki ko jiri, kada ku bari ya kwana a gida.